Kafin Mu Sa Kofi, Mu Fara Auna Zuciyar Yaranmu

Yau maganata da 'yan uwana 'yan kasuwa ce, musamman waɗanda Allah Ya hore wa abin hannu har suke ɗaukar nauyin wasannin matasa a Parakou da Djougou da sauran garuruwanmu na bakin iyaka. Kowa ya san a unguwa irin Banikanni, idan samari suka kafa kulob ba ofishin gwamnati suke fara nufa ba, ƙofar shagon Alhaji suke zuwa. Shi zai sayi riguna da ƙwallo, shi zai sa kofi, shi zai ba da rago ga wanda ya yi kaye a filin kokawa, kuma idan an tashi tafiya wasa Nikki ko Kandi motarsa ce za ta kwashe su. Wannan alheri ne babu shakka, domin ya raba yara da dama da zaman kashe wando. Sai dai akwai abu guda da ba kasafai ake sa shi cikin lissafin gasa ba, wato kuɗin kai yaran nan asibiti a duba lafiyar zuciyarsu kafin alƙalin wasa ya busa usur. A ganina wannan kuɗi shi ya kamata a fara warewa kafin na kofi, kuma ga dalilaina.

Da farko mu san mene ne aikin zuciya. Tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a yini da kwana. Idan mutum yana zaune a shago, takan tura jini kimanin lita 5 a minti guda. Idan gwanin gudu ya saki ƙafa da iyakar ƙarfinsa, takan tura lita 25 zuwa 30, wani ma fiye da haka. Duk wannan jini ta cikin jijiyoyi yake bi, kuma ita kanta zuciyar tana da nata 'yan ƙananan jijiyoyi da suke ciyar da ita, waɗanda kaurinsu bai wuce na tsinken shan lemo ba. Wanda ya daɗe yana atisaye zuciyarsa takan ƙara girma da ƙarfi, bugunta ya ragu zuwa 50 ko ma 40 a minti idan yana hutawa. Ga mafi yawan 'yan wasa wannan ba cuta ba ce, alamar horuwa ce.

Saboda haka kada wani ya karanta rubutun nan ya je ya hana ɗansa wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. A Faransa an bi tarihin 'yan ƙasar su 786 da suka shiga babbar tseren keken nan ta Tour de France daga 1947 zuwa 2012, aka tarar sun fi sauran mazan ƙasar tsawon rai nesa ba kusa ba. Gaskiyar magana, mu da muke wuni a kan benci daga hantsi har magariba, ga shayi mai sukari, ga naman tsire da dare, mun fi yaron da ke zagaya fili shiga haɗari. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin a 2015 ya nuna kusan babba ɗaya cikin huɗu yana da hawan jini, wato tansiyo, kuma da yawa ba su san suna da shi ba.

To amma kowane mai mota ya san bambancin motar da take aiki da motar da ake zalunta. Tirelar da take ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano ta fi wadda aka jingine lafiyar inji, wannan gaskiya ne. Amma idan kullum ana labta mata fiye da ƙima, ba hutu, ba duba mai, ba zuwa gareji, wata rana a kan hanya za ta tsaya, kuma ba za ta yi sallama ba. Abin da likitocin zuciya suka gano a shekarun baya-bayan nan ke nan game da masu atisaye mai tsanani na shekara da shekaru.

A 2017 wasu likitoci a Landan sun ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar 'yan wasa 152 da suka manyanta, waɗanda suka shafe shekaru suna gudu ko tseren keke, suka kwatanta su da mutum 92 masu lafiya da ba 'yan wasa ba. A cikin maza, kashi 44 cikin 100 na 'yan wasan an ga daskararren kitse ya fara kama bangon jijiyoyinsu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 22 ne kawai. A 2023 wani bincike a ƙasar Beljiyam, wanda ya ƙunshi maza fiye da 500, shi ma ya tarar waɗanda suka yi rayuwarsu suna atisaye mai nauyi sun fi sauran yawan wannan datti a jijiyoyi. Kafin nan, a 2013, an bi mutum fiye da 52,000 da suka shiga wata tseren ƙanƙara ta kilomita 90 a ƙasar Suwidin, aka ga waɗanda suka fi maimaita tseren sun fi kamuwa da rikicewar bugun zuciya. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne, idan jini ya riƙa dukan bangon jijiya da ƙarfi na sa'o'i masu yawa a kowace rana, bangon yakan gurje, jiki ya yi ta faci, facin kuma ya taurare. Ita ma tsokar zuciyar takan yi 'yan tabo idan ana miƙe ta fiye da ƙima ba tare da hutu ba.

Adalcin magana, wannan datti da aka gani bai sa 'yan wasan sun fi sauran jama'a mutuwa ba, domin ƙarfin jikinsu yana kare su ta wasu fuskokin. Darasin dai shi ne, ƙirar jiki da faɗin ƙirji ba shaidar lafiyar jijiya ba ne. Mutum na iya tsere wa kowa a unguwa alhali hanyar jinin zuciyarsa ta fara ƙunci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Parakou gari ne da ya yi suna da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 da ake kira Marathon Salésien, wanda aka saba yi a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke janyewa zafi na kunno kai. Har ila yau ga dattawanmu, tsofaffin 'yan ƙwallo, da suke haɗuwa ranar Lahadi su buga kamar suna da shekara ashirin, bayan sun shafe kwana shida a zaune. A Amurka an ƙirga mutum miliyan 10.9 da suka shiga irin wannan dogon gudu daga 2000 zuwa 2010, aka samu 59 da zuciyarsu ta tsaya, 42 daga ciki suka rasu, kuma mafi yawansu maza ne. Adadin kaɗan ne, amma can akwai likitoci da motocin asibiti a jere a bakin hanya. Ga wanda ya haura shekara 35, abin da ya fi kayar da shi a fili shi ne toshewar jijiyoyin zuciya, musamman idan akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba ko teɓa.

Matasa kuwa nasu daban ne. Yaro ɗan shekara ashirin da ya yanke jiki ya faɗi a fili, galibi da cutarsa aka haife shi ko ya same ta tun yana ƙarami ba a sani ba: kaurin tsokar zuciya da ake gada, ko jijiyar da ta fito ta gurbin da ba nata ba, ko rikicin wutar da ke sa zuciya bugawa, ko ƙofofin zuciya da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata saboda ba a yi maganinsa da kyau ba. Irin wannan yaro lafiya lau yake a gida, atisaye mai tsanani ne ke tono abin da ke ɓoye. Manya daga cikinmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, Najeriya tana karawa da Angola, yana da shekara 25. Sai Marc-Vivien Foé na Kamaru, ranar 26 ga Yuni, 2003, a birnin Lyon na Faransa, yana da shekara 28, wanda binciken gawarsa ya nuna kaurin tsokar zuciya. Sai Cheick Tioté na Kodebuwa da ya faɗi wurin atisaye a ƙasar Sin a 2017 yana da shekara 30. Sai Chineme Martins na Nasarawa United, ranar 8 ga Maris, 2020, a Lafiya, ana wasa da Katsina United, wanda jaridu suka ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi a lokacin da ake buƙatarta. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Yaron unguwa da ya faɗi a filin makaranta, sai dai a ce iska ce ta buge shi ko kuma an yi masa jifa, a yi jana'iza, a watse.

Yanzu ku dubi ɗaya gefen. A 1996 Nwankwo Kanu ya dawo daga Atlanta da lambar zinariya ta gasar Olamfik, ba wanda zai kalle shi ya ce yana da ciwo. Da kulob ɗin Inter Milan ya gwada lafiyarsa sai aka ga ƙofar babbar jijiyar zuciyarsa tana da lahani. Aka yi masa aiki a Amurka, ya warke, ya dawo ya yi shekaru yana taka leda a Arsenal da Portsmouth, har ya kafa gidauniyar taimakon yara masu ciwon zuciya. Gwaji ne ya zama sanadin tsirarsa. A Italiya tun 1982 doka ta tilasta wa duk mai shiga gasa yin gwajin zuciya, kuma a yankin Veneto mutuwar farat ɗaya tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekaru ashirin da 'yan kai. Riga-kafi ya fi magani, in ji Hausawa.

Bayan waɗannan, akwai lodin da mu kanmu muke ƙara wa zuciyar yaranmu, kuma nan ne maganar ta fi ɗaci. Na farko shi ne wasa da zazzaɓi a jiki. Sau nawa yaro yake kwana yana rawar ɗari, da safe ya haɗiyi farasitamol ya ɗaura takalmi, don kada koci ya ba wani gurbinsa? Wasu ƙwayoyin cutar da ke kawo mura da zazzaɓi sukan kumbura tsokar zuciya, kuma gudu a wannan hali na iya tsayar da ita. Wanda likita ya tabbatar yana da wannan kumburi akan hana shi wasa wata uku zuwa shida. Shi ma zazzaɓin cizon sauro yana rage jini, ya bar zuciya tana ninka aiki. Na biyu shi ne zafin rana da ƙishirwa. Atisayen tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, ko kuma da la'asar cikin azumi, yana ƙafar da ruwan jiki, jini ya yi kauri. Wannan ya fi haɗari ga mai ɗauke da rabin sikila, wato AS, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu ba su sani ba.

Na uku kuwa shi ne ƙwaya da allura. Taramol ta shiga filin ƙwallo, ta shiga kokawa da dambe, ta shiga wurin masu ɗaga ƙarfe. Aikinta kashe jin ciwo ne, alhali ciwon ƙirji da gajiya su ne ƙararrawar da Allah Ya sa wa jiki don mutum ya tsaya. Wanda ya sha ta kamar direban da ya cire fitilar gargaɗin mai ne don kada ta dame shi. Idan aka yawaita ta kuma tana kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Sai alluran kumbura tsoka da samari ke yi don su yi ƙwanji. Wani bincike a Amurka a 2017 kan masu ɗaga ƙarfe 140, waɗanda 86 daga cikinsu suka yi shekaru suna wannan allura, ya nuna zuciyar masu allurar ta fi rauni wajen tura jini, jijiyoyinsu kuma sun fi tara datti, kuma gwargwadon daɗewar mutum a kai gwargwadon ɓarnar. A tuna kuma, ko babu allura, lokacin da mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura da ƙarfe mai nauyi jininsa yakan yi mummunan tashi na ɗan lokaci. A Kanada an auna wannan tun 1985, aka ga awon da muka sani 12/8 yana kaiwa 32/25. Mai lafiyayyar jijiya zai jure, mai hawan jinin da bai san da shi ba fa?

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, ta wace hanya waɗannan kaya suke isowa hannun yaran? Ba daga sama suke faɗowa ba. Cikin kaya suke ƙetare iyaka, a kan tebur da cikin jaka ake sayar da su. A Fabrairun 2017 hukuma ta kai samame ɓangaren Adjégounlè na kasuwar Dantokpa a Kwatano ta kwashe magungunan da ake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba, amma kowa ya san hukuma ita kaɗai ba za ta iya ba. Ba daidai ba ne kasuwa guda ta sayar wa yaro ƙwaya ranar Juma'a, sannan ranar Lahadi ta miƙa masa kofi. Shugabannin kasuwa da sarakunan Zongo sun san masu wannan sana'a, kuma maganarsu tana da nauyi.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce kwana ne ya ƙare, ko an gwada ko ba a gwada ba. Haƙiƙa rai na Allah ne, amma wannan mai maganar ba ya barin motarsa ta kama hanyar Malanville bai duba birki da taya ba, kuma bai taɓa cewa wannan ya saɓa wa tawakkali ba. Wani zai ce ina kuɗin? Awon jini, sauraren ƙirji da gwajin lantarkin zuciya da likitoci ke kira ECG, gaba ɗayansu ba su kai kuɗin takalmin ƙwallo mai kyau ba, kuma ba sai an je Kwatano ba. Parakou na da babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori, jami'ar garin tana horar da likitoci, Djougou ma tana da asibitin Ordre de Malte. Yaron da aka ga alamar tambaya a gwajinsa shi kaɗai za a tura hoton zuciya. Abin lura dai shi ne a kai sakamakon wurin likitan da ya san zuciyar 'yan wasa, domin rubutun ECG na baƙar fata mai atisaye yakan zo da wasu alamu da ba cuta ba ne, kada a kori yaro daga wasa a banza.

Wani kuma zai ce ai an sha gwada mutum a ce lafiya lau, daga baya ya faɗi. Wannan ma gaskiya ne. A Ingila an gwada matasan 'yan ƙwallo 11,168, aka gano 42 masu ɓoyayyar cuta mai kisa, amma daga baya mutum 8 sun rasu da ciwon zuciya, 6 daga cikinsu gwajinsu na farko bai nuna komai ba. Ma'anar wannan ita ce gwaji ɗaya ba ya isa har abada, sai an riƙa maimaitawa, ba wai a daina ba. Abin da ya fi wuya shi ne yaron da aka gano yana da ciwo amma ya ƙi haƙura, saboda burinsa ya buga wa Buffles ta Borgou ko Panthères ta Djougou, daga nan Turai, kuma gida duk an zuba masa ido. Raphael Dwamena na Gana an gano ciwonsa tun 2017, an dasa masa na'ura a ƙirji, daga baya aka ruwaito ya sa an cire, ya ci gaba da wasa, ya faɗi a fili a ƙasar Albaniya ranar 11 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 28. A nan ne Alhaji mai ɗaukar nauyi zai nuna shi uba ne: yaron da likita ya dakatar kada a yar da shi, a jawo shi shago, a koya masa saye da sayarwa, ko a ba shi riƙon kayan kulob. Idan yara suka ga wanda aka dakatar bai wulaƙanta ba, za su daina ɓoye ciwo.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai sa kofi. Ya sa sharaɗi cewa ba kulob ɗin da zai shiga gasarsa sai da takardar likita ta gaskiya ga kowane ɗan wasa, ba wadda ake saye a sa hannu ba a ga yaro ba. Ya hana wasa da tsakar rana, ya tanadi ruwan sha. Koci ya ba yara hutun aƙalla kwana guda a mako, kuma mai zazzaɓi ya zauna a benci har sai ya warke sarai. Iyaye da koci su san alamun haɗari: ciwo ko nauyin ƙirji lokacin gudu, suma ko jiri ana tsakar wasa, haki da ya wuce na abokai, faɗuwar gaba da bugun zuciya barkatai, da kuma tarihin wani a dangi da ya mutu farat ɗaya yana matashi. Duk yaron da ya taɓa suma yana cikin gudu kada ya koma fili sai likita ya gan shi. Dattawan Lahadi su ma su auna jini da sukari kafin su ɗaura takalmi.

Sannan a koyar da mutum biyu ko uku a kowane kulob abin yi idan ɗan wasa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai. Ba lokacin yayyafa ruwa, fifita ko cusa cokali a baki ba ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota da likita. Kowane minti da ya wuce ba a yi haka ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Christian Eriksen na Danmak zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni, 2021, aka danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi, har ya koma buga ƙwallo. Irin wannan na'ura ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar Arzèkè ba idan aka yi karo-karo, a ajiye ta a babban filin wasa, a riƙa ɗaukarta duk ranar gasa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Kofi ƙarfe ne, baɗi za a sayi wani. Yaron da aka ba mu amanarsa kuwa ba a sayen irinsa a kowace kasuwa. Allah Ya kare mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace, amin.